Ta ina tela ke bi ya kai ga babban ɗinkin Paris?

Mai Ɗinkin Amare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri.

Ni tela ce a Kano, shekarata ashirin da shida. Tun ina aji biyu na sakandare Gwaggona ta zaunar da ni a kan tsohuwar Butterfly ɗinta, na fara da kalmasa da sa zif. Yau shekara huɗu ke nan da na buɗe nawa shagon, keke uku, yara biyu masu koyo. Yawancin aikina kayan amare ne, na kamu da na dina da na buɗar kai, sai anko in biki ya kama. Alhamdulillahi ba na zama hannu rabbana, balle in salla ta matso.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, watan jiya wata amarya ta turo mini bidiyo ta ce irin wannan rigar take so. Na buɗe, ashe ɗakin ɗinkin Dior ne a Paris. Mata sanye da fararen riguna kamar ma'aikatan asibiti, kowacce da allura a hannu, sun kewaye mutum-mutumi. Da aka juya cikin rigar sai na ga ya fi bayan rigunana kyau. Na kalla ya fi sau ashirin. Amaryar dai na ɗinka mata, ta yaba, ta biya, amma ni na san tarkacen da na ɓoye a ƙarƙashin shafi, na kuma san da gam na liƙa duwatsun.

A allon shagona an rubuta Couture da jan fenti, don mai fentin ya ce haka ake yayi. Yayana kuwa da ya ji ina zancen Paris cewa ya yi in fara cika alkawarin ɗinkin salla tukuna.

To masu sani, ta ina ake bi a kai ga wannan matsayi? Makaranta ce, ko kuɗi, ko sai kana da wani? Akwai baƙar fata ɗan Afirka da ya taɓa kaiwa? Kwasar adashena ta kusa, da niyyata in sayi keken surfani, yanzu kuma zuciyata ta rabu biyu.

Malamin Faransanci ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, ni ba tela ba ne, Faransanci nake koyarwa, amma na san ɗan abin da ke bayan sunan.

Kalmar da ke allonki ba laifi, ma'anarta ɗinki kawai. Wadda ke da takunkumi ita ce haute couture, a furta ta ot-kutur, wato babban ɗinki. A Faransa suna ne da doka ke karewa tun 1945, kuma duk shekara ma'aikatar masana'antu ce ke sa hannu a jerin gidajen da aka yarda su kira kansu da shi. Ƙungiyar da ke tantancewa tushenta ya koma 1868. Wanda ake ɗauka uban sana'ar ma ba Bafaranshe ba ne, Bature ne ɗan Ingila, Charles Frederick Worth, da ya buɗe gidansa a Paris a 1858.

Sharuɗɗan da nauyi. Kowace riga a kan jikin mutum ɗaya ake yin ta, da gwaji, kuma da hannu. Dole gidan ya kasance da ɗakin ɗinkinsa da ma'aikata aƙalla 20, ya kuma fito da sababbin kaya aƙalla 25 sau biyu a shekara, Janairu da Yuli. Shi ya sa a 1946 gidaje 106 ne, yau kuwa cikakkun membobi ba su kai ashirin ba, irin su Chanel da Dior da Schiaparelli. Bayansu akwai manyan gidajen waje, kamar Valentino da Armani na Italiya da Elie Saab na Labanon. Ƙofa ta uku ta baƙi ce, waɗanda ake gayyata su nuna kayansu a makon nunin, kuma sai wani na ciki ya tsaya maka. Ta nan Guo Pei ta Sin ta shiga a 2016, Rahul Mishra na Indiya a Janairun 2020, Mohammed Ashi na Saudiyya a 2023.

Amsar tambayarki ta ƙarshe: akwai. Imane Ayissi ɗan Kamaru, shi ma a Janairun 2020, shi ne na farko daga Afirka kudu da Sahara.

Shawarata ta malami ita ce harshe. Akwai Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci, a nan Kano, neman makaranta kuma ta Campus France ake bi, wato hukumar Faransa mai kula da ɗaliban waje. Bizar ɗalibi sai kin nuna kina da kuɗin zama na kowane wata, a sanina na baya Yuro 615 ne, ban da kuɗin makaranta. Ki buga lissafin da naira kafin ki yi wa adashen nan wani buri.

Badamagariya a Paris ta amsa:

Salamu alaikum. Ƙanwata, bayanin Malam daidai ne, amma shi daga bakin ƙofa ya tsaya. Bari in shigar da ke ciki, don shekara goma sha ɗaya na yi sanye da farar rigar nan da kika gani.

Aure ne ya kawo ni Faransa. Na zo da ɗinkina na Damagaram, ina ji da kaina, don a unguwarmu ni ake kawo wa shadda mai tsada. Na shiga lakwal na yi CAP na ɗinki, takardar shaidar sana'a ce ta nan, tare da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba. Daga nan aka ɗauke ni aikin wucin gadi a wani gida da ba zan faɗi sunansa ba, sati shida kafin nunin Janairu. Ranar farko shugabar ɗakin ta miƙo mini ƙyallen siliki mai shara-shara, ta ce in naɗe bakinsa da allura. Na yi cikin minti goma ina jiran yabo. Ta ɗaga shi ga fitila, ba ta ce uffan ba, ta sa almakashi ta warware. Sau huɗu muna haka. A jirgin ƙasa na yi kukana a hanyar gida. Laifina saurina, abin da ake yabona da shi a gida, da kuma jan zare da ƙarfi har yadin ya tattare.

Abu na farko da za ki sani, a gidajen nan mai suna daban, mai allura daban. Wanda ke fitowa ƙarshen nuni ana tafa masa, zane yake yi, ya zaɓi yadi, ya ce a ɗaga nan a sauke can. Zanen shugabar ɗaki ake ba, ita ke mayar da shi riga. Ƙarƙashinta akwai mataimakiya, sai ƙwararrun hannaye, sai mu da suke kira ƙananan hannaye. Ɗakunan ma biyu ne. Ɗaya na kaya masu laushi da zubowa, siliki da leshi da dogayen riguna, ɗaya na kwat da duk abin da ke buƙatar kafaɗa ta tsaya. Mutum kan tsufa a ɗaya bai taɓa aikin ɗayan ba. To ke wanne kike so, sunan ko hannun? Ba hanya ɗaya ba ce, kuma ban ga kin raba su a tambayarki ba.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba ni kunya da na tuna yadda nake yi a gida. Mu mukan auna mace da tef, mu shimfiɗa yadin dubbai, mu zana da alli, bismillah mu sa almakashi. A nan ba a taɓa yadin gaske sai an ɗinka rigar gaba ɗaya da farin yadi mai arha, kamar akoko ko alawayyonmu. A kan akokon ake yin duk kuskuren. Kowace babbar mai saye tana da mutum-mutuminta da aka cusa wa auduga har ya zama jikinta sak, da tudun ciki da kafaɗar da ta fi ɗaya sauka. A kansa ake kafa akokon da fil, a gwada mata, a gyara, a warware, sannan a shimfiɗa shi a kan yadin gaske ya zama abin yanka. Bayan nan ma da zaren wucin gadi ake fara haɗawa, a sake gwaji sau biyu ko uku. Ni hannun riga ɗaya na taɓa riƙewa kwana tara. Dutsen guga kuwa rabin ɗinkin ne, da tururi ake lanƙwasa ulu ya bi jiki ba tare da an tsaga shi ba.

Duwatsun da kika liƙa da gam, a nan gidaje ne na musamman ke yin su. Sananne shi ne Lesage, wanda Chanel ta saya a 2002. Ana ɗaure yadi a katako kamar fatar ganga, mai aikin tana saka duwatsu da wata ƙugiya siririya ta bayan yadin, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yatsu ne ke gani ba ido ba. Suna da makaranta tun 1992, mai kuɗinsa na iya shiga ya koya. Fuka-fukai da furanni gidansu daban, masu karya yadi su yi masa tattara su ma daban.

Albashi kada ki sa rai. Nawa na farko da kaɗan ya ɗara mafi ƙanƙantar albashin doka, a garin da hayar ɗaki ke cinye rabi. Satin nuni kuwa sai mu kai tsakar dare, in yi sallolina a lungun ajiyar yadi. Akwai daɗinsa dai. Duk 25 ga Nuwamba ana bikin masu ɗinki, 'yan matan da suka kai ashirin da biyar ba aure a ɗinka musu huluna kore da rawaya, a yi ta shewa. Na ce a raina, a Damagaram da gori za a yi musu, a nan hula.

In kuwa sunan kike so, dubi waɗanda suka samu. Balenciaga ɗan mai ɗinki ne a wani ƙauyen masunta a Sifaniya, yana shekara goma sha biyu aka kai shi koyon tela, bai buɗe gidansa na Paris ba sai 1937, ya haura arba'in. Azzedine Alaïa ɗan Tunisiya sassaƙa ya karanta, 'yar uwarsa ta koya masa allura. Ya zo Paris tsakiyar shekarun 1950, kwana biyar ya yi a Dior aka sallame shi, lokacin ana yaƙin Aljeriya. Ya zauna gidajen masu hali yana rainon yara yana ɗinka wa iyayensu, shekara ashirin yana ɗinkin ɗaki kafin duniya ta san shi wajen 1980. Mai sa'ar cikinsu Yves Saint Laurent, wanda ya ci gasar zane a 1954, Dior ya ɗauke shi a 1955, da maigidan ya rasu a 1957 aka damƙa masa gidan yana shekara ashirin da ɗaya. Shi kowa ke tunawa, amma irinsa nawa ne?

Wanda ya fi kama da ke Elie Saab ne. Yana shekara goma sha takwas ya buɗe shago a Beirut a 1982, ana tsakiyar yaƙi, kuma kayan amare yake yi. Matan Larabawa masu biki su suka gina shi, ba Paris ba. Sai da ya yi shekara ashirin yana aikin sannan 'yar fim ɗin Amurka Halle Berry ta sa rigarsa ta karɓi kyautar Oscar a 2002. Paris ta buɗe masa ƙofa ne bayan ya riga ya tara masu saye da ma'aikata.

Tsohon Tela na Zazzau ya amsa:

Jikana ne ke rubuta mini. 'Yata, na ji an karanto mini zancen Bature ya ɗinka riga da hannu a kan jikin mutum ɗaya, har da doka. To mu me muke yi tun kaka da kakanni? Babbar riga mai aska takwas, in ta hannu ce ta gaskiya, nakan yi wata uku a kanta, wani lokaci fiye. Mai zane daban, mai allura daban, mai haɗa rigar daban, mai bugu daban. Yadda Hajiyar Paris ta faɗa, haka muke, sai dai mu ba mu da farar riga. Ubana ya warware mini aiki ba sau huɗu ba, kuma shi da carbi yake haɗawa.

Abin da ya kashe mu keken surfanin nan da kike son saye. Yana yi a yini abin da nake yi a wata, mai saye kuma ba ya juya riga ya duba. Yaran yanzu ba mai zama. Ban hana ki Paris ba, Allah ya kai ki. Amma ki zo Zariya ki ga allura kafin mu ƙare, kuɗin mota ne kawai, ba biza.

Mai Ɗinkin Amare ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta shige ni, kuma in sha Allahu bayan salla ina tafe. Malam, na buga lissafin Yuro ɗin, na kashe wayar na sha ruwa.

Anti, tambayarki ta hana ni barci. Gaskiya sunan nake so, ba zan ɓoye ba. Amma na gane ina son sunan ne alhali ban da hannun. Jiya na ɗauko wata rigar dina da ba a karɓa ba na juya ta, na kira yarana muka kalla tare, ba wanda ya yi magana. Sai dai Anti, matanmu ba za su zo gwaji sau uku ba. Amarya kan kawo yadi saura kwana goma biki, ta kuma yi cinikin kuɗin ɗinki kamar tana sayen tumatir. Wa zai biya kuɗin akoko da kwana tara a hannun riga?

Sannan wannan ɗan Kamarun, yaya ya yi? Da atamfa ya shiga?

Badamagariya a Paris ta sake amsawa:

Atamfa? Ƙanwata, ai nan ne labarin yake. Ayissi ba ya taɓa ta. Hujjarsa ita ce atamfa ba tamu ba ce. Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin mutanen Indunusiya da inji, suka kawo mana, har yau kuma babbar super daga garin Helmond take fitowa, kamfanin Vlisco. Shi da kente na Gana yake aiki, da saƙin Faso Dan Fani na Burkina, da zaren tukurwa na Madagaska, da wani yadi da ake bugawa daga ɓawon itace a Kamaru, ya haɗa su da siliki da yankan Paris. Ni ban bi shi duka ba, atamfar da uwata ta ɗaura ta goya ni ba wanda zai ce mini baƙuwa ce. Amma ta fuskar kasuwa ya yi wayo, ya kawo musu abin da ba su da shi.

Hanyarsa kuwa ba ta miƙe ba. An haife shi a 1968, ubansa ɗan dambe, uwarsa sarauniyar kyau ta Kamaru a 1960. Da rawa ya fara, a ƙungiyar rawa ta ƙasa. Ya zo Paris farkon shekarun 1990 ya zama mai tallan kaya a jiki, ya sa na Dior da Givenchy da Lanvin. Wato shekaru ya yi a tsaye ana kafa masa fil, yana kallon yadda ake yi. Da aka gayyace shi a 2020 ya haura hamsin.

Namu na Nijar, Alphadi, wata hanyar ya bi. An haife shi a Tumbutu a 1957, yawon buɗe ido ya zo karantawa a Paris, ya shiga makarantar ɗinki ta Chardon Savard. Maimakon ya tsaya jiran gayyata, a 1998 ya kafa nasa bikin nunin kaya, FIMA, ya kai manyan masu ɗinki cikin hamada a Tigidit kusa da Agadas. Na ku na Najeriya kuma akwai Kenneth Ize da ya kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH, kamfanin da ya mallaki Dior, a 2019 da saƙin Yarabawa, shekarar da Thebe Magugu na Afirka ta Kudu ya ci Yuro 300,000. Wannan gasar ta kayan kanti ce, ba ot-kutur ba, amma ƙofa ce, kuma suna karɓar mai shekara 18 zuwa 40 da ya riga ya fitar da jerin kaya biyu. Makon nunin kaya na Legas ma yana nan tun 2011, can ya fi miki kusa.

Maganar Baba ki riƙe ta da kyau. Rahul Mishra da Malam ya ambata, ƙarfinsa masu aikin allura ne da ke zaune a ƙauyukansu a Indiya. Ke kina da Zariya, kina da marinar Ƙofar Mata, kina da turkuɗin Kura da masaƙa. Sai dai kada ki ruɗi kanki, akwai aiki. Saƙinmu ƙyalle ne siriri, sai an harhaɗa, kuma faɗin na yau ba lallai ya zo ɗaya da na gobe ba. Turkuɗi yana zuba a jiki, mu ado ne a wurinmu, matar da ta zuba miliyoyi kuwa ba za ta yafe shuni a hammata ba. Wanda ya zauna da marina da masaƙa ya warware waɗannan, shi ke da abin kai wa Paris.

Batun masu ciniki kamar tumatir, ba duka za ki yi wa ba. Cikin amarenki zaɓi ɗaya a shekarar nan, wadda ta zo da wuri kuma uwarta ke da hali. Ki gaya mata gwaji uku ne, kuɗin kaza ne, in ba ta yarda ba ki yi mata irin na kullum. Sauran su ci gaba da biyan hayar shago. Rigar nan ɗaya ki ɗauke ta hoto ciki da waje. Goma irinta su ne takardarki, ko makaranta za ki nema ko gasa, don a nan kafin a tambayi sunanki an juya rigarki.

Keken surfani ki dakata da shi. Ki shiga Kantin Kwari ki sayi akoko bandir guda, fil mai yawa, ƙananan allurai, da mutum-mutumi ko na hannu ne, ki cusa masa auduga ya zama jikin Gwaggonki, tunda ita ba za ta gaji da gwaji ba. Ki fara da riga mai hannu, ba ado ko ɗaya. In kin kafa hannun ki turo mini hotonsa ta gaba da ta baya, Gwaggo ta ɗaga hannu sama kamar za ta sauko da kwano daga kanta. Ta nan zan gane inda ya ja.